Tafkin Bayan Gida: Ina Iyakar Mallaka Take?

Daga ƙarshen watan Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, idan sanyi ya ja da baya a jihohin arewacin Amurka, miliyoyin magidanta sukan fita bayan gida su yi wani aiki da suke kira buɗe tafki. Tafkin ninƙaya ne na cikin gida, wanda aka lulluɓe da tamfol tun lokacin kaka, ya kwashe watanni shida ko bakwai ba a leƙa shi ba. Akasarinsu so suke komai ya kammala kafin Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu, ranar hutun tunawa da sojojin da suka mutu a fagen daga, domin a al'adar ƙasar daga ranar ce bazara ke kankama.

Aikin yana da tsari. Da farko za a share ganyayen da suka taru a kan tamfol, a zuƙe ruwan saman da ya kwanta a kai, don kada dattin ya zube ciki lokacin yayewa. A wanke tamfol ɗin, a shanya, a naɗe. Sai a cire abubuwan da aka toshe bututu da su, domin tun kafin hunturu an busar da bututun gudun kada ƙanƙara ta fasa su. A mayar da injin tura ruwa da matatarsa, a ƙara ruwa har ya kai tsakiyar bakin da ke zuƙe datti, a kunna inji ya wuni ya kwana yana juya ruwan. Daga nan sai gwaji. Ana so ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake kira pH, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Idan ya haura a zuba asid, idan ya sauka a zuba soda. Bayan haka a zuba kulorin mai yawa, kuma da yamma ake zubawa saboda hasken rana yana cinye shi. A goge bango da buroshi, a tsotse laka daga ƙasa. Cikin 'yan kwanaki ruwan da ya yi kore shar da gansakuka zai koma fari-fari kamar ruwan tsamiya, daga baya ya washe har a hangi ƙasan tafkin.

Duk wanda ya kalli wannan aiki zai ce lamari ne na mutum da gidansa. Ya sayi fili da guminsa, ya haƙa rami, ya zuba siminti, ya kewaye da katanga, kuma duk wata yana biyan kuɗin ruwa da na wuta. To wa ke da ta cewa? Wannan ita ce tambayar da muke son mu tsaya a kanta, domin ta wuce batun tafki. Tambaya ce a kan kowace irin dukiya: idan abu ya zama namu, ina haƙƙinmu ya tsaya, kuma daga ina haƙƙin wasu ya fara? Mun zaɓi tafkin bayan gida ne saboda da wuya a sami wata kadara da ta fi shi kama da abin mutum shi kaɗai, kuma da wuya a sami wadda ta fi shi shiga rayuwar waɗanda ba su taɓa jiƙa ƙafa a cikinsa ba.

Sauro ba ya neman izini

Mu fara da wanda ya ƙi buɗe tafkinsa. A ce wani magidanci ya ce bana ba shi da kuɗin kulorin, ko ba shi da sha'awa, zai bar ruwan yadda yake. A zahiri bai taɓa kowa ba. Amma ruwan da ba ya motsi kuma babu magani a cikinsa gidan sauro ne, kuma a lokacin zafi ƙwan sauro yana zama cikakken sauro cikin mako guda zuwa kwana goma.

An ga haka ƙarara a jihar Kalifoniya. A shekarar 2007, lokacin da rikicin bashin gidaje ya fara kunno kai, mutane da dama a birnin Bakersfield sun kasa biyan banki, suka bar gidajensu, tafkunan suka koma kore. A wannan shekara birnin ya sha fama da ɓarkewar zazzaɓin West Nile, wanda sauro ke ɗaukowa daga tsuntsaye ya sa wa mutane. Abin mamaki, shekara ce ta fari, wadda ake zaton sauro zai yi ƙaranci. Masu bincike da suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama sun ga unguwanni cike da tafkunan da aka yi watsi da su, suka kuma danganta ɓarkewar cutar da su a wani rahoto da aka buga a 2008. Har yau hukumomin yaƙi da sauro a jihar suna raba wani ɗan ƙaramin kifi mai cin 'ya'yan sauro kyauta, don a zuba a irin waɗannan tafkuna.

Darasin farko ke nan. Wanda ya tara ruwa ya ɗauki wani alkawari da bai furta ba. Yana da 'yancin ya ƙi yin iyo, amma ba shi da 'yancin ya ƙi kula, domin sakacinsa zai tashi sama ya tsallake katanga ya sauka a jikin jaririn maƙwabci. Akwai dukiyar da mutum zai iya mantawa da ita a ɗaki ba ta cutar da kowa. Ruwa ba ya cikinta.

Yaron da ba a gayyata ba

Abu na biyu ya fi nauyi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce nutsewa a ruwa ita ce kan gaba wajen kashe yara masu shekara ɗaya zuwa huɗu a ƙasar, kuma akasarin waɗannan yara a tafkin ninƙaya suke mutuwa, galibi na gida. Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa. Bakinsa yana shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin da zai kira uwarsa. Yawanci ma ba lokacin wanka abin ke faruwa ba. Lokaci ne da kowa ke zaton yaron yana ɗaki yana barci ko yana wasa a falo.

Saboda haka ne masana ke cewa katangar da ta kewaye gida ba ta wadatar ba. Sai an yi wa tafkin kansa shinge ta kowane ɓangare huɗu, wanda zai raba shi da ɗakunan gidan, tsayinsa ya kai mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta da sakata mai kama kanta a inda hannun yaro ba ya kaiwa. Faransa ta kafa doka a watan Janairun 2003 da ta tilasta wa duk mai tafkin da aka haƙa a ƙasa ya sa ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: shinge, ƙararrawa, murfi mai ƙarfi ko rumfa mai rufewa. Jihohin Ostareliya ma sun daɗe da tilasta shinge.

A nan wani zai ce: idan ɗana ne, na yarda, amma ɗan maƙwabci da ya haura katanga ba da izinina ba fa? Ai shi ya yi kutse. Kotunan Amurka sun daɗe da amsa wannan. Kotun Ƙolin ƙasar ta taɓa yanke hukunci a kan wani kamfanin jirgin ƙasa da ya bar na'urar juya kan jirgi ba tare da kulle ba, wani yaro ɗan shekara shida ya shiga wasa a kai, ta murƙushe masa ƙafa. Kotu ta ce kamfanin yana da alhaki, ko da yake yaron bai nemi izinin shiga ba. Daga irin wannan shari'a aka gina ƙa'idar da ke cewa wanda ya ajiye abu mai haɗari kuma mai jan hankalin yara, wajibi ne ya yi tanadin kare su. Hikimar a bayyane take. Babba ya san ma'anar iyaka, yaro kuwa ruwa mai ƙyalli kawai yake gani.

Mu ma mun san wannan ciwo ta wata fuska. A tsofaffin biranenmu, ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne suka zama kududdufai, kuma kusan kowace damina sai an ji labarin yaran da suka tafi wanka ba su dawo ba. Wanda ya haƙa ramin ya gina ɗakinsa ya tafi, haɗarin ya bar wa 'ya'yan wasu. Bambancin kududdufi da tafkin attajiri shi ne na biyun yana da mai shi sananne, wanda za a iya tambaya. Don haka idan magidanci yana buɗe tafki, gwada sakatar shinge ya riga gwada ruwa muhimmanci. Ruwan da ya yi kore ana gyara shi cikin mako guda, amma babu gyara ga minti biyar da ƙofa ta yi a buɗe.

Lita dubu arba'in da takwas

Yanzu sai mu zo kan ruwan kansa. Mu ɗauki matsakaicin tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi. Yana cin lita 48,000. Idan da jarka mai lita 25 za a cika shi, sai an juye jarka 1,920. Ɗan garuwa mai kurar da ke ɗaukar jarka 12 sai ya yi sawu 160. Gaskiya ne ba a zubar da ruwan duk shekara, ƙari kawai ake yi. Amma a ranar zafi mai iska, rabin santimita na iya tashi sama daga fuskar ruwan, wato lita 160 a wuni ɗaya, ba tare da kowa ya shiga ba.

Wannan lissafi ba ya damun kowa sai ranar da madatsar ruwa ta fara ƙafewa. Birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya ga irin wannan rana. Bayan shekara uku na ƙarancin ruwan sama, a farkon 2018 hukumomin birnin suka sanar cewa idan ba a yi hattara ba, a watan Afrilu za a rufe famfunan gidaje, kowa ya bi layi ya karɓi lita 25 a rana. Daga ranar 1 ga Fabrairu aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a wuni, na sha da girki da wanka da wanki da ban-ɗaki, aka kuma haramta cika tafki da ruwan gwamnati. A wannan ma'auni, tafkin da muka lissafa rabon mutum guda ne na kwana 960, kuma abin da rana ke sha daga cikinsa a wuni ya fi rabon mutum uku.

Birnin ya tsallake rijiya da baya, ba a kai ga rufe famfunan ba. Amma a 2023 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Elisa Savelli suka buga nazari a mujallar Nature Sustainability, inda suka nuna cewa gidajen masu hali, waɗanda ba su kai kashi 14 cikin ɗari na mazauna birnin ba, su ke shan fiye da rabin ruwansa, yawanci wajen ban-ruwan lambu da cika tafki da wanke mota. Talakawa, waɗanda suka haura kashi 60 cikin ɗari, abin da suke amfani da shi bai kai kashi 30 ba. Da tsanani ya zo, masu hali da yawa suka haƙa rijiyar burtsatse a gidajensu. Sun fita daga layin gwamnati, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa da suke zuƙa na kowa ne.

Ba Afirka ta Kudu kaɗai ba. Faransa, wadda ta fi kowace ƙasa a Turai yawan tafkunan gida, sama da miliyan uku, ta hana cika tafki a yankin Pyrénées-Orientales a watan Mayun 2023, har ma aka dakatar da sayar da tafkunan da ake kafawa a kan ƙasa. Magidanci a can yana iya share tamfol, ya gyara inji, ya sayo kulorin, amma ya tarar da cewa matakin ƙarshe ba a hannunsa yake ba.

Masana falsafa sun daɗe da hango wannan kan iyaka. John Locke na Ingila, wanda ake ɗauka uban masu kare mallakar mutum, ya yi bayani a ƙarshen ƙarni na 17 cewa aikin hannu shi ke mayar da abin kowa ya zama na wani: ruwan maɓuɓɓuga na jama'a ne, amma wanda ka ɗiba a tulunka naka ne. Sai dai ya gindaya sharaɗi, cewa a bar wa saura abin da zai ishe su kuma mai kyau kamar wanda aka ɗiba. Ya ba da misali da mai shan ruwa a kogi, wanda bai rage wa kowa komai ba tun da kogin yana nan. Malaman fiƙihu tun kafin shi sun yi irin wannan rabe-rabe: ruwan kogi na kowa ne, mai rijiya ya fi kowa haƙƙi a kan rijiyarsa amma ba zai hana mai ƙishirwa rarar ruwan ba, ruwan da aka zuba a mazubi kuwa mallaka ne. Idan muka bi wannan, tafki tulu ne. To amma tulu ne mai cin jarka kusan dubu biyu, kuma ranar da kogi ya ja baya, sharaɗin da ya halatta cika shi ya faɗi.

Abin da mai tafki zai ce

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin yana da hujjoji masu ƙarfi. Zai ce, na farko, noma ne ke shan kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba a duniya, don haka ko an cike dukkan tafkunan gida da ƙasa, fari ba zai gushe ba. Na biyu, tafkin da ake rufewa da murfi idan ba a amfani da shi yana iya shan ruwa ƙasa da filin ciyawa mai girmansa da ake yi wa ban-ruwa kullum, amma ba mai zagin mai ciyawa. Na uku, bututun gwamnati da ke yoyo a ƙarƙashin titi suna ɓarnar da ta fi tasa. Na huɗu, a garin da zafi ke haura digiri 40, kamar Phoenix a jihar Arizona, ruwan da tsoho zai motsa gaɓoɓinsa a ciki, yara su koyi iyo, iyali su taru da yamma, ba almubazzaranci ba ne. Daga ƙarshe zai ce yawancin masu sukarsa hassada ce ke cin su.

Mun yarda da mafi yawan wannan. Jin daɗi ba laifi ba ne, kuma al'ummar da ke kallon duk wani abin more rayuwa a matsayin zunubi takan ƙare da talauci da ƙunci gaba ɗaya. Haka kuma tafki yana shan suka fiye da ƙimarsa saboda ana ganinsa daga sama, shuɗi a tsakiyar ƙasa busasshiya, alhali yoyon bututu ba mai ganinsa.

Inda muka rabu da shi shi ne wurin da yake cewa tun da nasa kaɗan ne, ba ya cikin lissafi. Kowa nasa kaɗan ne. Abin da ya ceci Cape Town shi ne miliyoyin mutane da kowannensu ya rage ɗan nasa, har birnin ya rage shan ruwa da kusan rabi. Kuma a lokacin tsanani akwai abin da ya fi adadin lita, wato yarda. Matar da aka ce ta yi wanka da bokiti ɗaya ta tara ruwan wankan don ban-ɗaki za ta jure muddin ta ga dokar ta hau kan kowa. Ranar da ta ji ƙarar tsalle cikin ruwa daga bayan katangar maƙwabci, ranar za ta daina. Ruwan da mai tafki ya ƙara ba shi da yawa, amma ya karya abin da ke riƙe da kowa.

Tafkin da aka cike da ƙasa

Akwai kuma wani bashi da ya fi waɗannan daɗewa, wanda ba a ganinsa sai an waiwayi tarihi. Me ya sa tun farko tafkin ya koma bayan gida?

A farkon ƙarni na 20 biranen Amurka sun yi gasar gina manyan tafkunan jama'a. A bazarar 1936 kaɗai, birnin New York ya buɗe guda goma sha ɗaya, wasunsu suna ɗaukar dubban mutane a lokaci guda. Amma da yawa daga cikin irin waɗannan wurare an hana baƙar fata shiga, a kudu da doka, a arewa da duka da tsangwama. Da aka fara buɗe su ga kowa, sai rikici ya tashi. A watan Yunin 1949, ranar da aka bar yara baƙaƙe suka shiga tafkin Fairground a birnin St. Louis, gungun fararen fata suka far musu da sanduna. Birnin Montgomery na jihar Alabama ya gwammace ya rufe dukkan wuraren shaƙatawarsa a 1959 da ya bar baƙi da fari su haɗu, aka cike tafkin Oak Park da ƙasa. Birnin Jackson na Mississippi ma ya rufe nasa, kuma a 1971 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce bai saɓa wa tsarin mulki ba, tun da an hana kowa ne baki ɗaya.

A ranar 18 ga Yunin 1964, a wani otal da ke St. Augustine a jihar Florida, masu fafutuka baƙaƙe da farare suka faɗa tafki tare. Manajan otal ɗin, James Brock, ya ɗauko asid ya zuba a ruwan suna ciki. Hoton ya zagaya duniya, kuma makonni biyu bayan haka aka sa hannu a dokar kare haƙƙin jama'a. Asid ɗin da ya zuba shi ne dai irin wanda magidanta ke zubawa duk bazara don daidaita tsamin ruwa.

Masanin tarihi Jeff Wiltse, a littafinsa na 2007 kan tarihin tafkunan Amurka, ya nuna cewa a 1950 gidaje kusan 2,500 ne kawai ke da tafkin da aka haƙa a ƙasa, amma zuwa ƙarshen ƙarnin sun kai kimanin miliyan huɗu. Dalilan suna da yawa: arziki ya ƙaru bayan yaƙin duniya na biyu, mutane sun koma sababbin unguwannin bayan gari masu faɗin fili, sabuwar dabarar fesa siminti ta sauƙaƙa gini. Amma gudun haɗa ruwa da wanda ake ƙyama yana cikin dalilan. Da masu hali suka janye, suka janye da muryarsu da harajin da suke yarda a kashe, tafkunan jama'a suka lalace ɗaya bayan ɗaya. Wanda iyayensa ba su sami wurin koyon iyo ba, da wuya ya koya wa 'ya'yansa. Alƙaluman hukumar lafiya ta ƙasar sun nuna cewa yara baƙaƙe masu shekara 10 zuwa 14 suna nutsewa a tafki fiye da ninki bakwai na takwarorinsu farare.

Magidancin da ke goge bangon tafkinsa a yau ba shi ya zuba asid ba, ba shi ya cike Oak Park da ƙasa ba, kuma ba daidai ba ne a ɗora masa laifin kakanni. Tambayar da ke kansa ta yau ce. Idan majalisar gari ta kawo shawarar rufe tafkin jama'a don tsimin kuɗi, ina zai tsaya, shi da ba ya bukatarsa? Wannan jarrabawa ce da muka sani sarai. Wanda ya sayi janareta yakan daina damuwa da wutar unguwa. Wanda ya haƙa burtsatse yakan manta rabon da famfon gwamnati ya kawo ruwa. Wanda ya kai 'ya'yansa makarantar kuɗi ba ya zuwa taron iyayen makarantar gwamnati. Babu ɗayansu da ya yi sata. Amma duk lokacin da mai iya magana ya sami mafita ta kansa, abin da aka haɗa aka mallaka yana rasa mai kare shi, sai ya rage wa waɗanda ba a jin muryarsu.

Abin da aka mallaka da abin da aka ara

Idan muka tattara waɗannan, amsar da muka isa gare ta ita ce: mai tafki ya mallaki ramin, da siminti, da inji, da katanga. Ruwan kuwa aro ne. Daga madatsar jama'a ko ƙarƙashin ƙasar jama'a ya zo, kuma zai koma, ko ta sama a matsayin tururi, ko ta magudana. Shi ya sa ma birane da dama suka hana a saki ruwan tafki cikin kwata sai kulorin ɗinsa ya gushe, domin yana kashe kifi a rafin da zai faɗa. Wanda aka ba aro yana da damar ya more, amma da sharuɗɗan mai abu, kuma a nan masu abun su ne maƙwabta, da yaran unguwa, da mutanen gari, da waɗanda za su zo bayanmu.

Wannan fahimta ba ta bukatar a rushe tafki ko a ji kunyar mallakarsa. Abin da take bukata shi ne a ƙara wasu layuka a takardar aikin buɗe tafki. A gwada sakata da ƙofar shinge kafin a yaye tamfol. A nemo inda yake yoyo a toshe. A sayi murfi a riƙa rufewa, domin shi ke tare mafi yawan ruwan da rana ke sha. A tambayi halin da madatsar gari take ciki kafin a buɗe famfo, kuma idan an ce bana a haƙura, a haƙura ba tare da neman ƙofar baya ba. Manya a gidan su koyi yadda ake farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Sannan a tuna da yaran da ke jin ƙarar ruwan daga waje.

A biranenmu akwai wata ɗabi'a da ta amsa wannan tambaya ba tare da dogon bayani ba. Mai hali zai haƙa burtsatse a gidansa, ya ɗora tanki, sannan ya huda katanga ya fitar da kan famfo ɗaya ko biyu waje, mata da yara da almajirai su riƙa ɗiba. Bai rushe katangarsa ba, bai kuma fasa wanka da ruwansa ba. Ya dai gane cewa abin da ya tarar a ƙarƙashin filinsa ba shi ya ajiye shi ba. Mai tafki a Arizona ko Cape Town ba zai iya fitar da famfon iyo waje ba, amma yana iya buɗe ƙofa ranar Asabar ga 'ya'yan maƙwabta da iyayensu, yana iya biya wa yaro ɗaya kuɗin koyon ninƙaya, yana iya zuwa zauren majalisar gari ya ɗaga hannu ranar da ake ƙuri'a kan tafkin da shi ba zai taɓa shiga ba.

Ana gane ruwan tafki ya gyaru idan aka tsaya a baki aka hangi magudanar da ke can ƙasa. Mai shi kuwa ba a gane nasa gyaran daga cikin gida. Sai an zagaya bayan katanga an tambayi waɗanda ke zaune a can.